Shekarar da Hannun Baba Ya Daina Jin Zafi

Ranar da muke dawowa daga Kebbe bayan ƙaramar salla, ina tuƙi na ji Abba, ɗan farina, yana raɗa wa ƙanwarsa a kujerar baya cewa 'ya'yan Baffa Sanusi sun ce ni na kori kakanku daga aiki da kamara. Ban waiwayo ba, ban kuma tanka ba. Kun san hali na, magana ba ta zuwar mini da sauƙi, balle da ɗan fari. Amma abin ya zauna mini a rai har na koma na sami Inna na nemi izininta, tunda Baba ya riga mu gidan gaskiya, kuma a gidanmu ita kaɗai ta rage wadda ta san yadda aka yi. Ta ce in rubuta, amma kada in sa gishiri, kada kuma in ɓata ƙanena. To ga shi na rubuta muku, ku karanta idan kun kai munzalin da za ku gane.

Kakanku Malam Ummaru ma'aikacin wani kamfanin casar shinkafa ne da ke bayan garin Tambuwal. Tun kamfanin yana inji ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano yake cikinsa, har ya zama gini mai tukunyar tururi da injuna jere. Aikinsa shi ne kula da lafiyar injunan. Bai yi boko ba, da hannunsa yake aiki. Kowace safiya, idan injuna suka tashi suka ɗan ɗumama, zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannunsa na dama a kan gidan boris, wato ƙarfen da ke rufe da 'yan ƙwallayen da sandar inji ke juyawa a kansu. Ƙa'idarsa kowa ya san ta a kamfanin. Idan hannu ya zauna har ka yi salati ka gama, inji lafiya lau. Idan hannu ya tashi kafin ka gama, a sa giris a sake dubawa. Idan kuwa hannu ya ƙi zama ko kaɗan, a kashe inji, ko da Alhaji mai kamfanin yana tsaye da masu saye. A wurin da ɓuntun shinkafa ke tashi kamar hayaƙi, ya kwanta a kowane lungu busasshe ƙayau, boris mai zafi ashana ce. Shekara da shekaru gobara ba ta taɓa tashi a kamfanin nan ba, kuma ko yaro ya san albarkacin hannun wane ne.

Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu al'adar kunyar ɗan fari da ƙarfinta take. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce da Inna, «Ina yaron ga?» ko da ina zaune a gabansa. Bai taɓa ɗauka ta ba a gaban mutane, ba ma cin abinci kwano ɗaya, idan ya shigo zaure na kan tashi. Sanusi, wanda ke bi mini, shi ne ɗan ɗakinsa. Shi ke hawa bayan babur, shi ke ja masa gemu yana ƙarami. Kada ku ɗauka abin ya dame ni. Na san takalmin makarantata ba daga sama yake faɗowa ba, na kuma san wanda ke ajiye kananzir a bakin ƙofata ba tare da ya yi sallama ba, don in sami na karatu. Ni ma shirun ya dace da ni. Yaro ne ni mai littafi a hammata, wanda idan malami ya tambaye shi abin da ya sani sai muryarsa ta maƙale.

A shekarata ta biyu a makarantar koyon fasaha aka tura mu koyon aiki a masana'antu. Baba ne ya yi wa Alhaji magana ta bakin wani, aka karɓe ni a kamfaninsu. Haka muka tsinci kanmu, ni da mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, a ɗakin haya guda a Tambuwal, tabarma tana kallon tabarma. Mu kan kwana mu tashi, iyakar abin da ke shiga tsakaninmu gaisuwa. Idan yana son in sayo ƙosai sai ya dubi bango ya ce, «Da an samu ƙosai da an karya.» Ni kuma in tashi in fita. Ranar Alhamis da yamma ya goya ni a babur mu tafi Kebbe, ni ina riƙe da ƙarfen baya don kada in taɓa shi, mu dawo Asabar da sassafe.

A wannan kakar ne Alhaji ya ɗauko wani injiniya daga Kano, Injiniya Haruna, don ya gyara wayoyin kamfanin, shi kuwa ya zo da kamarar zafi. Injiniya mutum ne mai barkwanci, bakinsa ba ya hutawa. Da ya ga yadda nake jera kayan aiki bisa tsari kafin in taɓa komai, ya raɗa mini suna Malam Shiru, ya kuma danƙa mini kamarar da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ranar farko ba a yi aikin kirki ba, ma'aikata suka yi layi kowa yana son a ɗauke shi.

«Ɗan Malam Ummaru, dubo min kan mai gadi, tun safe shika faɗa!»

«A'a, aljihun Alhaji za a duba, can zafin yake,» in ji Injiniya.

Baba yana gefe yana goge hannu da tsumma, bai zo ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Kamarar ba kamanni take ɗauka ba, zafi take ɗauka. Abu mai sanyi ya fito shuɗi, mai ɗumi ruwan ɗorawa, mai zafi ja, wanda ya fi kowa ya fito fari. Amma ɗaukar hoton shi ne ƙaramin aiki, babban yana cikin manhajar da ke kwamfutar. Abu na farko da Injiniya ya koya mini shi ne kada in yarda da launi. Idan ka ƙyale manhajar ta zaɓa da kanta, duk abin da ya fi zafi a hoton shi za ta shafa wa fari, ko da kofin shayi ne da ya fara hucewa. Don haka sai ka kafa mata iyaka ta ƙasa da ta sama, ka bar su haka a kowane hoto, sannan jan yau zai zama daidai da jan jiya. Na biyu, ƙarfe mai sheƙi maƙaryaci ne. Kamar madubi yake, zai nuna maka zafin jikinka ko na kwanon rufi ya ɓoye nasa. Maganinsa ka manna ɗan baƙin salatif a kai, ka jira ya ɗauki zafin ƙarfen, ka auna a kan salatif ɗin. Na uku, boris ba a yi masa hukunci shi kaɗai, sai an gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen sandar, tunda kaya ɗaya suke ɗauka. Na bi kowane inji na manna masa salatif, na yi alama da fenti a ƙasa inda zan riƙa tsayawa don kada nisa ya canza. Da rana in zauna a ɗakin ajiya in ɗora ɗigo a kan kowane hoto, lambar zafin ta fito, manhajar ta haɗa ta da na baya ta ja layi. Layin inji mai lafiya a kwance yake kamar hanyar fadama. Ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba, don aiki ne da ba ya bukatar in buɗe baki.

Kamarar ba ta Alhaji ba ce. Da Injiniya ya gama aikinsa za ta bi shi Kano, kamfani ya koma kan hannun Baba kamar da. Wannan kowa ya sani, shi ya sa babu wanda ya ɗauke ta kishiyar kowa.

Akwai wata babbar fanka a bayan ginin, mai hura ɓuntu ta cikin bututu zuwa waje. Makonni ina ganin layin boris ɗinta na hagu yana ɗan ɗaga kai, na damansa kuwa yana kwance. Na nuna wa Injiniya. Ya kira Baba ya tambaye shi, Baba ya ce ya taɓa da safe, lafiya lau.

«To Malam Shiru, ka ji. Hannun da ya girme ka ya yi magana. A ƙara giris, ka ci gaba da sa ido.»

Wata Alhamis da hantsi na tsaya a kan alamata na ɗaga kamara, sai na ga gidan boris na hagu fari fat. Lambar ta kusa ta tafasasshen ruwa, ɗan'uwansa kuwa bai wuce rabin haka da yawa ba. Na ce kuskure nawa ne. Na duba iyakokin da na kafa, suna nan. Na ce ko rana ce ta leƙo ta hudar kwano, na kare da kwali, bai canza ba. Na ɓanɓare salatif ɗin da filaya, ya yi laushi yana nannaɗewa, na sa sabo na jira. A rayuwata ban taɓa roƙon Allah Ya sa na yi kuskure ba sai ranar. Ina cikin haka Baba ya zagayo a kan zagayensa na safe. Na ja baya kamar yadda na saba, kamarar tana hannuna a ɗage. Ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen nan. Ina kallon laɓɓansa suna motsi. Ya yi salatinsa tun daga farko har ƙarshe, bai gaggauta ba, ya ɗauke hannun ya gyaɗa kai ya wuce. Yatsana ya danna kamarar ban sani ba. A hoton, bayan hannunsa ya fito fari kamar ƙarfen da ya bari.

Na so in kira shi. Da me ma zan kira shi? Sai na ruga wurin Injiniya, ni da ban taɓa gudu a kamfanin ba, na miƙa masa kamarar na ce a kashe fanka yanzu. Ya duba sau ɗaya, dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke, ya je da kansa ya ja makunnin. Da aka kwance gidan boris ɗin, giris ya ƙone ya zama gawayi, ƙwallayen sun yi shuɗi, ɓuntun da ya taru a ƙarƙashi ya fara baƙi yana wari. Ma'aikata suka yi ta salati. Baba yana tsaye a cikinsu yana kallo, ya sa hannun dama a aljihun riga.

Injiniya ya ja ni ɗakin ajiya ya rufe ƙofa. Ya riga ya ga hoto na biyun.

«Malam Shiru, boris abu ne mai sauƙi, gobe za a kawo sabo. Amma ni ƙarshen wata zan tafi da kamarata. Wa zai riƙa taɓa injunan nan?»

Ya ƙara da cewa:

«Ka san mutum nawa ke aiki a cikin ƙurar nan. Dole Alhaji ya ji. Ko daga bakina, ko daga wani bakin.»

«Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Asabar,» na ce. Ina jin ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa ji daga gare ni.

Da yamma muka kama hanyar Kebbe. Baba ya ɗaure hannun da tsumma ya ce da mai gadi ƙarfe ne ya karce shi. Duk tsawon hanyar nan mai ramuka idona yana kan tsumman. Ina ta juya abin a raina. Idan na yi shiru, wata rana wuta za ta tashi, a ce hannun Malam Ummaru ne ya ci amanar mutane. Idan Injiniya ya faɗa, za a kira Baba ofis a gwada shi da kofin ruwan zafi kamar yaro, labari ya zaga Tambuwal kafin la'asar. Hanya ɗaya ta rage, ya ji daga gare ni ya yanke wa kansa hukunci. Ni kuwa ko ƙosai ba mu taɓa yin maganarsa kai tsaye ba.

Da safiyar Juma'a na sami Inna a madafa tana dama koko. Ita ma ɗan farinta ne ni, amma uwa takan sami hanyar da za ta bi. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaya wa murhu abin da na gani. Ba ta daina damawa ba. Ta zuba na Baba a kwano, ta ɗauki wani kwanon ta riƙa juya shi daga wannan zuwa wancan, tururi yana tashi.

«Kana ganin mi nika yi?» ta ce. «Tun bara nika shan iska da kokon ga kafin in kai mishi. Ran nan garwashi ya faɗo mishi bisa ƙafa shina alwala kusa da murhu, ni na gani, shi bai ji ba. Kullum sai na zazzage takalminshi kada ƙaya ta kwana ciki.»

«Shi ya sani, Inna?»

«Ya sani bai sani ba. Mutum ya kan san abu ya aje shi bayan ɗaki.»

Na ce ko ita za ta gaya masa. Ta girgiza kai.

«Ni matar gida ta, in na faɗi sai ya ce tsoron mata na. Sanusi in ya ji, gari ya ji. Kai kag gani da idonka. Ba a ce ka faɗa mishi ba, wa ya aike ka rashin kunya? Abin nan naka ba hoto shika yi ba? To aje mishi ya gani.»

Bayan an sauko daga masallaci, gida ya yi tsit, Sanusi ya tafi fadama duba albasa. Baba yana zaure a kan buzunsa yana jan carbi da hannun hagu. Na yi sallama na shiga, maimakon in wuce sai na durƙusa nesa kaɗan, na buɗe kwamfutar na juya ta wajensa. Carbin ya tsaya. Ban dube shi ba, kwamfutar na yi wa bayani, kamar ita ce ba ta sani ba. Na ce wannan boris na dama ne, ga launinsa, ga lambarsa. Wannan na hagu ne. Na ce an kafa iyaka ɗaya a duka biyun, an sa salatif, an kare rana, don kada a zalunci kowa. Na nuna layin makonnin da suka wuce yana hawa. Ya matso da buzun, abin da bai taɓa yi ba, har ina jin ƙanshin turaren Juma'arsa. Sannan na buɗe hoto na ƙarshe na janye hannuna.

Ya daɗe yana kallo. Ba a ganin fuska a irin hoton nan, amma ga hannun riga, ga zoben azurfarsa ya fito baƙi, ga bayan hannun fari. A hankali ya kwance tsumman. Fatar ta tashi ta yi ruwa, kusa da ita akwai tsofaffin tabo, wani kan wani, waɗanda da nake ɗauka na aiki ne kawai. Ya kai hannun kusa da fuskar kwamfutar yana duba wannan yana duba wancan.

«Abin ga ba shi ƙarya?» Ya tambayi bango.

«Yakan yi, idan ba a kiyaye ba. An kiyaye.»

«An sake gwadawa?»

«An sake, har da sabon salatif.»

Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi idan ya ga an ɗaure noti yadda ya kamata.

«Na yi salati har na ƙare,» ya ce. «Na ce yau fanka ta yi sanyi awa randa.»

Sai ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. Ya tambayi bangon ko mata masu shara suna wajen fankar a lokacin. Na ce suna nan, su biyu, ɗaya da goyo. Ya rufe ido ya yi ta maimaita sunan Allah. Da ya buɗe sai ya ce a goge hoton hannun. Na goge a gabansa, na shiga inda manhajar ke ajiye abin da aka goge na sake gogewa, na nuna masa wurin babu komai. Shi ya sa ba ni da abin da zan nuna muku yau sai maganata da ta Inna.

Asabar da safe muka koma Tambuwal. Bai sa kayan aiki ba, farar rigarsa ta Juma'a ya maimaita. Ya shiga ofishin Alhaji shi kaɗai ya rufe ƙofa, Injiniya kuwa ya tsaya kusa da ni a waje, karo na farko da na ga bakinsa a rufe. Daga baya na ji Alhaji ya yi ƙwalla, ya roƙe shi ya zauna ko a matsayin mai sa ido ne kawai. Baba ya ce muddin yana cikin ginin yara za su riƙa jiran ya taɓa ya ce lafiya, shi ma kuma hannun zai riƙa kai kansa. Da ya fito ya bi ma'aikata ɗaya ɗaya ya yi musu sallama, ya ce gona ke kiransa. Ya tattara 'yan kayansa a ɗakin haya, buta da bargo da rediyo, muka ɗaure a bayan babur. Na koma gefe ina jiran ya hau, sai na ga ya ajiye makullin a kan sirdi ya ja baya.

«Wanda ba shi jin birki ba shi ɗaukar ɗan mutane,» ya ce.

Na hau gaba, ya hau baya. Kayan sun cinye ƙarfen riƙewa, babu inda zai kama sai ni. Muna fita gari muka faɗa ramin farko na ji hannunsa ya kama rigata, daga baya ya zauna a kafaɗata. Mun yi nisa, gonakin dawa suna wucewa dama da hagu, kafin ya yi magana. Wannan karon babu bango, sai ƙeyata.

«Alhaji za shi sayen irin kamarar ga. Ya ce in an ƙare makaranta a zo a riƙa mishi. A karɓa.»

Na ce mutane za su ce na ture shi na zauna.

«Za su ce.»

Muka wuce wani garken shanu, na rage gudu har suka tsallaka.

«Ni dai kada a ji zancen hannu,» ya ce. «Ko Sanusi. Duk Kebbe da Tambuwal da hannun ga anka san ni. Gara a ce zamani ya zo da inji ya fi ni, wannan ba abin kunya ba na, ya faru ga maƙera ya faru ga masaƙa. Amma a ce Ummaru ya yi shekara shina sa hannu ga wuta shina ce ma mutane lafiya lau, da matansu da goyonsu, wannan ba ni iya fita da shi kasuwa.»

Na gane abin da yake nema. Idan kamara ce ta kore shi, to kamarar a hannun wa take?

«Kaya na, na sani,» ya ce. «Ana iya ɗauka?»

Na ce, «To.»

Na ɗauka, kuma ba zan ce muku bai yi nauyi ba. Na karɓi aikin bayan na gama makaranta, da shi na riƙe gidan, da shi aka yi wa Sanusi aure, amma bai hana shi daina cin abinci tare da ni ba. Da ciwon sukari ya bayyana sosai har aka riƙa kai Baba asibiti, dangi suka ce zaman gida ne ya jawo masa, tun da aka raba shi da injunansa jikinsa ya saki. A wurin suna da wurin biki na sha jin ana rage murya idan na shigo. Kada ku riƙe Baffanku da wannan. Ya ga an dawo da ubansa gida da buta da bargo, ya ga yayansa a kujerar, me kuke so ya ce? Son da yake wa Baba ne ya fito ta wannan hanyar, kuma shi ya yi jinyarsa har ƙarshe, yana wanke masa ƙafa yana shafa mai. Kafin ku ga takardun nan sai na kai masa ya fara karantawa, haka muka yi da Inna.

Ranar dai mun isa Kebbe rana ta karkata. Sanusi yana ƙofar gida yana wanke ƙafa daga fadama. Ya ga ni a gaba, Baba a baya, ga kaya a ɗaure, ranar da ba ranar dawowa ba. Ya miƙe da butar a hannu.

«Baba, lafiya? Mi ya faru?»

«Lafiya lau. Kamara ta karɓi aikin, mu mun dawo gona.»

Sanusi ya dube ni. Ban taɓa ganin irin kallon nan a idonsa ba, kuma ya daɗe bai bar idon ba. Na sunkuyar da kai na kashe babur, na kafa ƙafa don Baba ya sauka. Ya sauko a hankali yana dafe da kafaɗata. Ƙafafunsa biyu suka taka ƙasa, ya tsaya daram, babu sauran abin da zai sa ya dafa kowa. Amma hannun nan mai tsumma bai tashi ba. Ya bar shi a kafaɗata a gaban Sanusi da maƙwabta da duk mai wucewa, har sai da Inna ta leƙo daga zaure ta ce a shigo da kaya.